Baƙar tishat ɗin da ta ruɓe tun ban sa ta ba

Ni dai tsofaffin kaya nake sawa, kuma ba don biki ko ɗaukar hoto ba. Su ne kayan fitata na kullum: wandon jins da ya sha wanki, tishat mai laushi, in an ɗan yi sanyi in ɗora rigar aiki a sama. Masu wannan sha'awa iri biyu ne. Akwai masu tarawa, su ninke su adana, sai baƙo ya zo a fito da su a nuna masa. Akwai kuma masu sawa su shiga rana da ƙura da su. Ina cikin na biyun, saboda haka ba ruwana da ko riga tana da wuyar samu. Abin da ya dame ni shi ne za ta jure zama da tashi da wanki, ko ba za ta jure ba. Da wannan ma'auni zan yi maganar kayan da na saya wurin wani mai sayarwa ta intanet, wanda duk mai bin harkar nan ya san shi, ba sai na kama suna ba.

Kaya uku na ɗauka a tashi ɗaya: wandon Levi's 501 ƙirar Amurka na shekarun 1990, shuɗiyar rigar leburorin Faransa, da baƙar tishat. Kunshin ya iso a lokacin da ya ce, an naɗe komai tsaf, ba ni da abin cewa a nan.

Tishat ɗin ce ma ta kai ni shagonsa tun farko. Baƙa ce wuluk, auduga zalla, da zanen tsaunuka a ƙirji. Ya rubuta cewa ba a taɓa sa ta ba, ba a taɓa wanke ta ba, daga kwalin wani tsohon kanti da aka rufe ta fito. Ya ɗauki hoton bakin hannun da kalmasar ƙasa kusa-kusa don a ga ɗinkin layi ɗaya ne. Duk wanda ya daɗe yana tonon gwanjo ya san abin da hakan ke nufi: masana'antun Amurka sun yi ta kalmashe tishat da layi ɗaya har wajen tsakiyar shekarun 1990, daga baya ɗinkin layi biyu ya mamaye ko'ina. Jikin rigar kuma babu ɗinki a gefe, zagaye ɗaya aka saƙa shi. Da na buɗe ledar na tarar duk abin da ya faɗa haka yake. Zanen bai tsattsage ba, wuyan bai saki ba, har alamar ninkin shekara da shekaru tana nan a jikinta. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, har na fara tunanin wandon da zan haɗa ta da shi.

Akwai wani wari mai tsami-tsami da ya tashi daga ledar, kuma da na shafa yadin sai wani baƙin gari ya ɗan manne mini a yatsa. Tsohon kaya ba ya rasa warin ajiya, kuma ba wanda zai sa rigar da ta kwana shekaru a kwali ba tare da ta ga ruwa ba. Na yi mata wankin da ake yi wa irinta: ruwan sanyi a roba, sabulu kaɗan, da hannu, ba cuɗa ba murɗa. Ruwan ya yi baƙi nan take. Na sa hannu biyu na ɗago ta ta kafaɗa, sai kawai kafaɗar dama ta rabu da jikin. Ba ɗinkin ne ya warware ba, ɗinkin yana nan daram da zarensa. Yadin ne da kansa ya tsage, a miƙe, daga gindin wuya har ƙasan hammata, ba tare da wata ƙara ba, kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na tallabe ta don in mayar da ita cikin ruwan, babban yatsana ya huda bayanta ya fita. Kafin in gama tsame ta ta zama ƙyalle huɗu, zanen tsaunukan ne kaɗai ya rage a haɗe, don tawadar da aka buga shi da ita ta riƙe abin da ke ƙarƙashinta.

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci sosai. Rigar da ta jira shekara talatin da wani abu ba ta taɓa jikin mutum ba, a ƙarshe ko sau ɗaya ban sa ta ba.

Abin da ya same ta sananne ne a harkar nan, kuma nan ne fushina ya fi tsanani. Baƙin rinin da aka fi amfani da shi a kan auduga yana da farar wuta a cikinsa, don yana da araha kuma yana kama yadi da kyau. Idan ba a ɗauraye yadin sosai ba bayan rini, aka ɗinka riga aka jefa ta kwali, to zafi da danshi suna juya ragowar farar wutar nan ta koma asid a hankali, asid ɗin kuma ya yi ta cin zaren audugar daga ciki. Ido ba ya ganin komai. Rigar tana nan baƙa ƙirin, sabuwa dal, alhali zarenta ya riga ya mutu. Wadda aka saya a zamaninta aka yi ta sawa ana wankewa, wankin farko-farko ya fitar da ragowar rinin, shi ya sa za ka ga tishat da ta koɗe ta koma ruwan toka, wuyanta ya saki, amma ka ja ta da ƙarfi ba ta motsa ba. Wadda ba ta taɓa ganin ruwa ba ita ce abin tsoro, musamman baƙa ta auduga zalla. Kuma idan ta kamu ba ta da magani, babu telan da zai iya ɗinke yadin da allura ma ke yaga shi.

Gwajin kuwa ba ya cin minti ɗaya. Ka kama kalmasar ƙasa ta ciki da yatsa biyu ka ɗan ja. Lafiyayyen yadi zai miƙe ya dawo, ruɓaɓɓe zai tsage nan take. Mutumin da ya san ya ɗauki hoton layin ɗinki don ya nuna shekarun riga, ya san masana'antar da kowace lambar da ke jikin kaya ta fito, ba zai ce mini bai san wannan ba.

Na ɗauki hotuna na tura masa, na yi masa sallama cikin mutunci na ce, "Malam, ga abin da ya faru da rigar nan a wankin farko. Ruɓewar rini ce, ka duba yadda yadin ya tsage ya bar ɗinkin." Ya amsa da wuri, wannan kam ba zan hana shi ba. Amma abin da ya ce shi ne, "Ɗan'uwa, ka san tsohon kaya sai haƙuri. Lafiya lau ta bar hannuna, kuma ƙa'idarmu ba ma karɓar abin da aka riga aka wanke." Na ce masa, "Malam, ba a hannuna ta ruɓe ba, a kwalinka ta ruɓe. Ruwa bayyana ta kawai ya yi." Sai ya ce zai yi mini ragi idan na sake sayen wani abu. Ragi a kan cinikin da ban yi ba tukuna, wannan ai riƙe ni yake so ya yi, ba biyana ba.

A ranar na yanke cewa na gama da shi. Sai kuma na sa wandon.

Gaskiya wandon nan ya sanyaya mini zuciya. Auduga zalla ne, babu zaren roba ko kaɗan a cikinsa, yana da nauyi a hannu amma ya yi laushin da sai shekaru ke kawowa. Shuɗin ya koɗe a cinya da gwiwa daidai inda jikin mai shi na farko ya goge shi, a aljihun baya na dama ma akwai shatin walat ɗinsa, murabba'i fari-fari. Irin wannan koɗewar ba a yin ta da inji, duk ƙoƙarin da masu sababbin wanduna ke yi da yashi da sinadari. Maɓallai ne a gaba ba zif ba, yadda 501 yake tun asali, kuma duk suna nan, ba wanda ya yi tsatsa. A bayan maɓallin sama akwai lambar masana'anta da aka buga, takardar wanki ta ciki kuma ta ce a Amurka aka yi shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne yanzu, don tun 2003 kamfanin Levi's ya sanar da rufe sauran masana'antunsa na Amurka, masaƙar White Oak ta Cone Mills da ke Greensboro, wadda ta daɗe tana ba su yadi, ita ma ta rufe a ƙarshen 2017.

A kan wandon bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Bai ce ya fi shekarunsa tsufa ba. Ɗan jan ƙyallen da ke gefen aljihun baya, wanda suka fara sawa a 1936, har zuwa 1971 da babban harafin E ake rubuta sunan Levi's a jikinsa, daga nan aka koma ƙarami. Nawa ƙaramin ne, kuma haka ya rubuta. Ya kuma faɗa cewa ba shi da gefen yadin nan mai jan zare na tsohuwar masaƙa da masu tarawa ke rububi, don a shekarun 1980 aka daina sa shi a wandunan kasuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne awo. Lambar da ke jikin fatar baya ta ce ƙugu inci 34, shi kuma ya shimfiɗa tef a kai ya nuna 32, don irin yadin nan yana tsukewa da wanki. Na auna da kaina, 32 ɗin ne cif. Ya zauna mini a ƙugu, ba a ƙasa ba kamar na yanzu, ƙafar ta sauka a miƙe. Tun da ya zo kusan shi nake sawa kullum, na zauna da shi a ƙasa, na hau na sauka, na wanke shi, ko zare ɗaya bai tashi ba.

Rigar leburorin ita ma ba laifi. Shuɗiya ce mai aljihu uku a waje da ɗaya a ciki, irin wadda ma'aikatan jirgin ƙasa da na masana'antu a Faransa suka yi ta sawa, wadda marigayi Bill Cunningham, mai ɗaukar hoton jaridar New York Times, ya mayar kayan aikinsa na kullum saboda aljihunta. An yi mata faci a gwiwar hannu da zare mai ɗan duhu, facin hannu ne mai kyau, ya nuna shi a hoto. Hannunta ya ɗan gaza mini, amma ina naɗe shi dama, kuma waya da makulli da ɗan littafi duk suna shigewa ba sai na riƙe jaka ba.

Da haka har na fara cewa a raina ƙila tsautsayi ne, mutumin da ya yi gaskiya haka a kan wando ba zai sayar da ruɓaɓɓiyar riga da gangan ba. Na ma shiga shagonsa ina duba ko akwai wani wandon irin wannan. A nan na ga abin da ya dawo mini da ɓacin ran gaba ɗaya. Sauran baƙaƙen tishat ɗin suna nan, zane iri ɗaya, daga kwali ɗaya, da rubutu iri ɗaya: ba a taɓa sawa ba, ba a taɓa wankewa ba. Bayan hotunan da na tura masa! Bai sauke su ba, bai ƙara ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba, har biyu daga ciki an riga an sa musu alamar an saya. Kafin in tura masa hoto ana iya cewa bai sani ba. Yanzu ya sani. Riguna da suka fito daga tukunyar rini ɗaya, suka kwana a kwali ɗaya cikin zafi ɗaya, da wuya a ce tawa kaɗai ce ta kamu.

Kuma ku duba wa abin zai faɗa wa. Mai tarawa zai saya ya sa a firam ko ya mayar leda, ƙila ya shekara goma bai gane ba. Mu masu sawa mu ne za mu tsoma ta a ruwa a ranar farko, mu ne kuma ƙa'idarsa ta "an riga an wanke" ke rufe wa ƙofa. Yaron da ya fara sha'awar kayan da, ya tara kuɗinsa ya sayi rigarsa ta farko don ta girme shi, shi zai ɗauka hannunsa ne ya yi nauyi a wanki, ya yi shiru ya haɗiye asarar.

Na sake rubuta masa. Na ce, "Malam, batun kuɗina ka ajiye shi gefe tukuna. Don Allah ka ja gefen kowace a gaban kyamara, wadda ta tsage ka sauke ta, waɗanda suka riga suka saya kuma ka sanar da su kafin su kai ta ruwa." Ya karanta saƙon, alamar ta nuna. Bai amsa ba, kuɗina bai dawo ba, rigunan kuma har yanzu suna kan shafinsa. Duk wanda zai sayi baƙar tishat da ba ta taɓa ganin ruwa ba, a wurinsa ko a wurin wani, ya nemi bidiyon da aka ja kalmasarta kafin ya biya, kuma ya sa a rubuta masa cewa za a karɓe ta idan ta tsage a wankin farko.