Golf 4 mai injin 1.9 TDI: shan manta a hanyoyin Katsina

Motar nan, mai aiki da man gas (dizal), ba ta da ci. Tankinta lita 55 ne, kuma in injin na da lafiya, a doguwar hanya tana shan lita 5 zuwa 6 a kilomita 100. Ke nan Katsina zuwa Daura, wajen kilomita 80, da ƙyar ta cinye lita 5, ko da iyali da kayansu a but. Cikin gari kuwa, ga cunkoson Ƙofar Ƙaura ga AC a kunne, sai ta haura lita 7 a kilomita 100.

Ƙura ce babbar abokiyar gabarta. Lokacin hunturu matatar iska kan toshe, injin ya shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a salansa, mai ya riƙa tafiya a banza. A ciro matatar a duba. In ta yi jajir da ƙasa, canji ya fi kakkaɓewa. Man gas na bumburutu kuwa, wanda ake gauraya da kananzir, shi ke kashe famfon mai da nozul (masu fesa mai cikin injin), gyaransu kuma akwai tsada.

Sai dai litar gas ta fi ta fetur kuɗi, don haka mai zirga-zirgar Kano ko Funtua ne zai ga riba. Mai kai yara makaranta kawai, ya nemi ta fetur.