Glastonbury ko Camp Bestival: ina ya fi dacewa a kwana a tanti da yara?

Hajiya, barka da warhaka. Kin ce kuna son zuwa bikin kiɗa na fili a nan Ingila ku kwana a tanti da yara biyu, mai shekara huɗu da mai tara, kin rasa na ɗauka cikin waɗannan biyun. In ta ni ce, ku tafi Camp Bestival, ku bar Glastonbury sai autan ya yi ƙwari.

Na san abin da ke jan ki. A Glastonbury yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya biyan ko kwabo in yana tare da babba mai tikiti, alhali a Camp Bestival yara ma suna da nasu kuɗin gwargwadon shekaru. To amma tikitin babba na Glastonbury a 2025 fam 373.50 ne, ban da fam 5 na yankan tikitin, kuma samunsa ma aiki ne: sai an yi rajista da hoto tun da wuri, a saki tikiti a Nuwamba, kafin awa guda ya ƙare. Shekarar 2026 ma ta hutu ce, ba biki, don a bar gonar da ake yinsa a ciki ta farfaɗo.

Babbar matsalar ita ce girma. Gonar shanu ce a Pilton, cikin Somerset, inda Michael Eavis ya fara taron a 1970, yanzu kuwa mutum wajen dubu 200 ke taruwa. Daga inda za ku ajiye mota zuwa wurin kafa tanti tafiya ce mai nisa, ga kaya a ka, ga yaro yana kukan a goya shi. In aka yi ruwa, ƙasa ta koma caɓi kamar kunu, ko amalanken da ake jan yara a ciki ba ya tafiya. Ba wai sun manta da yara ba ne. Akwai Kidzfield, filin wasanni kyauta mai kyau ƙwarai, akwai kuma sashen tantunan iyalai irin Cockmill Meadow, sai dai yana cika da wuri. Sannan a ƙarshen Yuni ake yi, makaranta ba ta tashi ba, kuma shugabanninta ba sa ba da izini don zuwa kallon makaɗa.

Camp Bestival kuwa tun kafa shi a 2008 don iyali aka yi shi. A harabar Lulworth Castle yake, a Dorset, ƙarshen Yuli lokacin da aka shiga dogon hutu, mutanensa ba su wuce kusan dubu 30 ba. Kusan kowane tanti da yara a ciki, don haka ba mai yi miki kallon banza in naki ya tashe su da asuba. Autanki zai iya ganin Mr Tumble, mai barkwancin nan na tashar yara ta CBeebies, ido da ido, kuma bakin teku na kusa. Wajen manyan mawaƙa dai ba a haɗa su: dandalin da Fela ya hau a 1984, Burna Boy a 2024, na Glastonbury ne. Amma ɗan shekara huɗu ina ruwansa?

Giya tana ko'ina a duka biyun, gara ki sani tun daga gida, ko da yake a Camp Bestival buguwar ba ta kai ta can ba. Ku tafi da buta, don ba ruwa a cikin bayin, da dogon takalmin roba, da abin toshe kunne na yara. Dare yana da sanyi ko a Yuli, a saka rigunan sanyi a jaka. Ki rubuta lambar wayarki a abin hannun kowane yaro kafin ku fita daga mota.