Ɗumame ne ko sabon tuwo? Abin da na gani a Tales from Watership Down

Mutumin da nake sayen tsofaffin littattafai a wurinsa, wanda ke shimfiɗa su a kan buhu a bakin titi, shi ya tare ni wata ranar Asabar yana murmushi. Ya ce, "Malam, ga ƙanen littafin zomayen nan naka ya zo." Ya zaro shi daga ƙarƙashin tarin littattafan lissafi. Bangon ya sha hannu, gefen takardun ya yi ja, kuma wanda ya riga ni mallakarsa ya bi wasu shafuka da fensir yana saka alamar tambaya. Ban yi ciniki sosai ba, don kada ya fasa ajiye mini irinsa gaba.

Ga wanda bai san yayan ba, Watership Down labari ne da Richard Adams, wani ma'aikacin gwamnati a Ingila, ya fara ba 'ya'yansa mata biyu da baki a cikin mota idan tafiya ta yi nisa. Su suka matsa masa ya rubuta. Kamfanonin ɗab'i da dama suka ƙi karɓa, sai wani ƙaramin mawallafi a Landan, Rex Collings, ya buga shi a 1972. Shi ne kuma ya buga littafin da Wole Soyinka ya rubuta a kan zamansa na kurkuku, a wannan shekarar. Labarin na Adams na wasu zomaye ne da suka gudu daga garinsu saboda wani ɗan ƙaraminsu, Fiver, ya hango halaka na tafe. Ɗan'uwansa Hazel ya ja ragama har suka isa wani tudu mai suna Watership Down a gundumar Hampshire, tudun da yake nan har gobe. Suka tsallake tarko, suka yi karo da Janar Woundwort na garin Efrafa, azzalumin da ya mayar da zomaye tamkar fursunoni. Littafin ya ci lambar Carnegie ta littattafan yara, aka yi fim ɗinsa na zane a 1978.

Shekara 24 bayan haka, a 1996, Adams yana da shekara 76, ya fitar da wannan da ke hannuna, Tales from Watership Down. Labarai 19 ne a kashi uku. Kashi na farko yawanci tatsuniyoyin El-ahrairah ne, gwarzon zomaye mai wayo, wanda in ka cire masa dogayen kunnuwa ka ba shi ƙafafu takwas, Gizo ne sak. Kashi na biyu labarai huɗu ne na komowarsa gida shi da abokinsa Rabscuttle daga wurin Baƙin Zomon Inlé, wato mutuwa a fahimtar zomaye. Sai kashi na uku ne kawai ya koma kan su Hazel da abin da ya same su bayan yaƙinsu da Woundwort.

Wannan tsarin shi ya raba kan masu karatu, kuma ban yi nisa ba na ga haka a gidanmu. Ƙanwata, wadda muka yi ta rububin littafin farko da ita muna sakandare, ta karɓe shi kafin in gama. Kwana uku ta dawo da shi, ta ajiye a kan tabarma, ta ce, "Yaya, wannan ai ɗumame ne. Ina yaƙin? Ina Woundwort? Sai da na ci fiye da rabin littafi kafin a koma labarin Hazel." Na ce mata ai akwai tuwon da ya fi daɗi da safe. Ta ce sai in da miya.

Kukanta shi ne kukan mafi yawan waɗanda na ji sun yi tir da littafin, kuma tana da gaskiyarta. Wanda ya buɗe shi yana jiran wata doguwar tafiya mai hana barci zai tashi da haushi. A littafin farko, daga lokacin da tarkon waya ya shaƙe wuyan Bigwig, jarumin tawagar Hazel, a garin wani zomo mai suna Cowslip, ba ka ƙara sakin jiki, don ka gane marubucin ba ya wasa, kowa na iya mutuwa. A nan kuwa, matsala na tasowa a farkon babi, a ƙarshensa an sasanta. Labarin Sandwort, matashin zomo mai taurin kai wanda ya faɗa rami aka ceto shi ya shiryu, kamar darasin tarbiyya ne na 'yan aji uku. A gefen shafinsa na ƙarshe mai fensirin nan ya saka alamar tambaya har biyu, ni ma da ina da fensir a kusa da na ƙara ta uku.

Amma ni ban karanta shi yadda ta karanta ba, kuma ba dabarata ba ce, ɗaukewar wuta ce ta jawo. A makon nan kusan kullum bayan sallar isha'i muna tsakar gida, ni da yara, da fitilar waya. Sai na riƙa karanta labari ɗaya a dare, ina juya musu shi da Hausa yadda ya zo mini a baki. A nan na gane irin kayan da na sayo. Ba littafin da ake zama a cinye a dare ɗaya ba ne, jakar tatsuniya ce, kuma tatsuniya tana son mai faɗa da masu cewa "ta zo mu ji ta". Labarin yadda El-ahrairah ya sha wahala ya samo wa zomaye hancin jin ƙamshi, da na ɗan wani fili mai hanyoyi a murɗe wanda ya shiga da dariya ya tarar da abin tsoro a ciki, duk sun zauna daram a bakin Hausa. Ƙaramin ɗana, da na kai ƙarshen ɗaya, shi da kansa ya ce "ƙurunƙus".

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne labarin da Speedwell, ɗaya daga cikin zomayen Hazel, ya bayar. Shirme ne zalla, da gangan, ba kai ba gindi, irin wanda ake yi don a ga ƙaryar wa ta fi tsawo. Ƙanwata ta ce a nan ta kusa jefar da littafin. 'Yata mai shekara 11 kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, sake." Na sake. Labari ɗaya ya zama abin haushi ga babba, abin so ga yaro, kuma ina ganin duk wanda ya tuna cewa asalin zomayen nan hira ce ta uba da 'ya'yansa a cikin mota ba zai ga laifin Adams ba a nan.

Akwai wani abu da ya kamata a yi masa adalci a kai. Tun shekarun 1970 aka soki littafin farko da cewa zomaye mata ba su da wani matsayi a cikinsa illa haihuwa. Mazan sun kafa gari, sun waiwaya ba mata, sai suka bazama nema kamar masu zuwa cefane. A littafi na biyu Adams ya saurari sukar. Hyzenthlay, zomanyar da ta taimaki Bigwig suka tsere daga Efrafa, ta zama shugaba kafaɗa da kafaɗa da Hazel. Sannan ga Flyairth, wadda ita ce halitta mafi nauyi a duk littafin a wurina. Ta taɓa shugabantar wani gari, cutar da zomaye ke kira Farar Makanta ta shiga rayuwarta, tsoron cutar ya zame mata ciwo na biyu, har ta kai ba ta iya zama lafiya da kowa. Cutar ba ƙirƙira ba ce: ta shiga Birtaniya a 1953 ta kusa ƙarar da zomayen ƙasar. Wanda ya ga yadda tsoron annoba ya sa maƙwabci ya guji maƙwabci a 2020 zai gane Flyairth ba sai an yi masa bayani ba. Abin takaicin shi ne, da labarinta ya fara ɗaukar zafi sai aka sallame ta, ta kwashi mabiyanta ta tafi. Da a ce Adams ya gina littafin gaba ɗaya a kanta, da ƙanwata ta samu miyar da take nema.

Wani abokin aikina malamin Turanci yana da nasa ra'ayin daban. Shi bai damu da rashin yaƙi ba. Abin da ya dame shi shi ne zomayen sun fara magana kamar mutane a taron unguwa, ana muhawara kan wa ya cancanci mulki. Ya ce ƙarfin littafin farko shi ne zomo ya tsaya a zomonsa: ba ya iya ƙirga abin da ya wuce huɗu, duk abin da ya haura haka "hrair" ne, mota kuwa "hrududu", kuma Adams ya yi nazarin halayyarsu daga aikin masanin dabbobi Ronald Lockley kafin ya rubuta. Na yarda da shi rabi. Labarin Stonecrop, zomon keji da ya tsere ya zo tudun amma 'yan'uwansa suka so kashe shi saboda warin ɗan Adam da ke jikinsa, ya nuna marubucin bai manta da hancin zomo ba. Bare da aka ƙi saboda warinsa kawai, wannan sai a duniyar dabba, ko da yake mu ma mun san yadda ake yi wa wanda ya daɗe a birni ya dawo ƙauye.

Turancinsa bai da tsauri ga wanda ya gama sakandare, sai dai sunayen tsirran Ingila da aka laƙaba wa zomayen, waɗanda ba sai ka san su ba. Kada wanda bai karanta na farkon ba ya fara da wannan, don kashi na uku zai zame masa hirar dangin da bai sani ba. Wanda kuma ya karanta, ya rage buri, ya ɗauke shi labari ɗaya a zama, zai fi kyau idan da yaro a gefe. In da maki ake bayarwa, uku cikin biyar zan ba shi. Na farkon biyar ne ba tare da jayayya ba.

Adams ya rasu a watan Disamba na 2016 yana da shekara 96, bai sake rubuta wani littafi a kan tudun ba. Kwafina yanzu yana hannun 'yata. Jiya na ga ta goge alamar tambayar da mai fensir ya saka a kan labarin Speedwell, ta bar ta Sandwort.