Rauta mai sim ko Starlink? Amsa ga ɗan'uwanmu na wajen Ringim

Salam ɗan'uwa. Ka ce ka buɗe shagon kwamfuta a ƙauyenku, yara na zuwa duba sakamakon WAEC da NECO amma netwok sai ya tsaya cak, shin ka sayi rauta mai tsada ne ko ka cije ka sa Starlink, wato intanet na tauraron ɗan'adam.

To ka fara gane abu ɗaya, rauta ba ita ke ƙirƙiro intanet ba. Ita mai gadin ƙofa ce, ta ba kowace kwamfuta da waya lambar IP ɗinta, wato adireshinta a netwok, ta kwashi saƙonsu ta miƙa waje, in amsa ta dawo ta san ta waye. In hanyar wajen ce matacciya wallahi ko ta nawa ka saya ba abin da za ta tsinana maka.

Mai sim daga ƙarfen sabis take jawowa kamar wayarka. Ga araha, ga ta ba ta shan wuta, ƙaramin batirin sola ma ya riƙe ta yini guda. Illarta kai da duk garin ƙarfe ɗaya kuke rabo, shi ya sa ranar kasuwa ko bayan magariba kowa ya hau TikTok sai ka ga shafi ya ƙi buɗewa. Ni tawa sai da na ɗaura mata eriya a doguwar sanda saman kwano, na juya ta ta kalli ƙarfen, sannan 4G ya zauna, da ina ta zagin rautar ashe ba laifinta ba ne.

Starlink kuwa a 2023 ya shigo Najeriya, babu ruwansa da ƙarfe, farantinsa da taurarin ɗan'adam yake magana kai tsaye, kuma a kusan kilomita 550 suke, ba kamar tsohon farantin intanet na VSAT da tauraronsa ke can wajen kilomita 36,000 ba, shi ya sa ba ya jan ƙafa. Amma yana son sama fili, darbejiya ta rufe shi ya dinga yankewa, ruwa mai ƙarfi da damina ma yana taɓa shi, ya ninka mai sim shan wuta sau da yawa, ga kuɗin wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Faiba kam, wato intanet da ake jawowa ta igiyar waya, bar maganarta, sai ka jira a jawo ta garinku.

Kafin ka kashe ko sisi, hau saman ɗaki da wayarka ka gwada layuka biyu ko uku, da safe da kuma dare. In 4G ya kama a sama, eriya kake buƙata. In ko a can ma shiru, to fara lissafin sola tukunna kafin farantin.