Na'urar auna hawan jini da na saya wa Inna, bayan wata takwas

Shekara shida ke nan Inna na fama da hawan jini, kuma abin da ya fi wahalar da mu a gidan shi ne gardamar shan magani. Da ta yi sati biyu ba ciwon kai ba jiri, sai ta tura ƙwayoyin ƙarƙashin filo ta ce ta warke. In na yi magana ta ce, "Ke 'yar nan, jikina ne ko naki?" Bara da damina ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Da muka isa asibiti nas ta auna ta samu 190 bisa 110. Allah Ya tsare, ɓarin jiki bai shanye ba. Likitan da ya sallame mu shi ya ce in nemi na'urar awo ta gida.

Da farko ta wuyan hannu na saya a kasuwa, don ta fi araha. Ba ta yi mana rana ba. A zama ɗaya sai ta ba da lamba uku da ba su haɗa hanya ba. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya ce irin wannan sai an riƙe hannu daidai saitin zuciya ba motsi, ta dantse ta fi abin dogaro. Ita na koma na saya a babban kantin magani, kuma a kanta nake wannan bayani.

Girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba. Maɓalli ɗaya ake dannawa, maɗaurin ya kumbura ya matse dantse, ya sace a hankali, lambobi uku su fito: ta sama, ta ƙasa, da bugun zuciya. Lambobin manya ne, Inna na ganin su ba tabarau. Batir huɗu take ci, irin na rediyo ƙanana, don haka ɗauke wuta bai shafe mu ba.

Inda na sha wahala shi ne maɗaurin. Wanda ya zo cikin kwalin an rubuta santimita 22 zuwa 32 a jikinsa, ni ban ma lura ba, kuma a kantin ba wanda ya tambaye ni jikin mai amfani da ita. Inna mace ce mai jiki. Sati biyu muna ganin 160, 165, hankalina a tashe, alhali tana shan magani a gabana. Sai ranar komawa asibiti na tafi da na'urar, nas ta dubi yadda maɗaurin ke haɗuwa da ƙyar ta ce ya yi mata kaɗan, kuma matsattsen maɗauri ƙara lamba yake. Da muka dawo na karɓi tef ɗin tela na zagaya dantsen, santimita 35. Dole na sake kashe kuɗi na sayi babba, mai 32 zuwa 42. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, don tambaya ɗaya a kantin da ta hutar da mu. Duk mai niyyar saye, ya auna dantsen kafin ya fita gida. A zuwa na gaba nas ta gwada tamu da tasu ta asibiti ɗaya bayan ɗaya, tazarar ba ta wuce biyar ba. Daga ranar na yarda da ita.

Yadda aka koya mana muke yi. Inna ta zaga bayi tukuna, ta zauna a kujera mai jingina minti biyar, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur, maɗauri a kan fata ba a kan hannun riga ba. Ba magana. Wannan ce ta fi yi mata wuya, don a lokacin take tuno wanda bai zo gaishe ta ba. Ba goro ba shayi rabin awa kafin awo. Mu auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin magani da kuma bayan isha'i, in rubuta a ƙaramin littafi da kwanan wata. Likita ya ce awon gida in yana kai wa 135 bisa 85 a kai a kai, ya hau.

Littafin nan shi ya kashe gardamar. Cikin wata na uku lambobin da suka zauna a 130 da wani abu suka fara hawa, yau 142, jibi 150, kafin sati ya cika 164. Inna kuwa ras take jin kanta, har dakan yaji ta yi. Na ajiye littafin a cinyarta na ce, "Inna, don Allah me ya faru a satin nan?" Ta yi shiru, can ta ce ta daina shan ƙwayar saboda ƙafafunta na kumbura. Ashe duk shekarun nan tana da dalili, mu ne ba mu tambaya ba. Amlodipine take sha, kuma kumburin idon sawu na cikin abin da yake jawo wa wasu. Likita ya rage mata shi ya haɗa da wani, kumburin ya sauka. Yanzu ita ke kirana, "Zo ki ɗaura mini abin nan."

Akwai abubuwan da ba su gamsar da ni ba. Takardar bayanin ba Hausa a ciki, rubutun kuma ƙanana kamar tururuwa. Batir mai araha ba ya jimawa, sai maɗaurin ya tsaya rabin hanya. Ma'ajiyar lambobinta ta mutum ɗaya ce, ga maƙwabta sun gano muna da ita, awonsu ya cakuɗe da na Inna, shi ya sa na fi dogara da littafi. Ba na hana kowa awo, amma ba na ba kowa ƙwayar Inna, ko an roƙa. Wata maƙwabciyarmu ta samu 172, na ce ta je asibiti, yanzu ita ma tana kan nata maganin.

Abin da likita ya ja mini kunne a kai na rubuta shi a bangon littafin: in lamba ta kai 180 bisa 120, a huta a sake awo, in ba ta sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai ciwon ƙirji, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, ko harshe ya karye, ba a tsayawa awo, asibiti ake nufa. Mai juna biyu kuma 140 bisa 90 ma ya isa a kai ta.

Na'urar ta nuna mana har abin da ke cikin tukunya. Da muka rage gishiri da dunƙule, muka ƙara daddawa, muka daina zuba kanwa a wake, lambobin sun ɗan ƙara sauka. Kuɗinta ba kaɗan ba ne ga mai albashin koyarwa irina, amma bai kai abin da muka kashe a kwana ukun da Inna ta yi a gadon asibiti ba. Na riga na fara tarin kuɗin wata na'urar don kawuna da ke ƙauye, kuma na aika a auno mini dantsensa. Awon Inna na safiyar yau 128 bisa 79.