Hattara da mai tallar buroshin "lambar duniya"

'Yan uwa masu zane da fentin ruwa, musamman ɗalibai, akwai wani mai tallar buroshi a Instagram da WhatsApp da ya kamata ku sani. Ni dai ya riga ya ci kuɗina.

Ya sa hoton saiti guda, daga lamba 2 zuwa 12, ya ce gashin kolinsky ne na asali, wato gashin wata dabba mai tsada. Na tura kuɗi, ya saka kaya a mota. Da na buɗe kwali, mai lamba 12 ɗin bai kai kaurin tsohon mai lamba 6 da nake da shi ba. Na kira shi, sai ya ce wai nasa ne ke kan "lambar duniya", nawa ne ba daidai ba.

To, babu wani abu wai shi lambar duniya. Buroshi mai tsini galibi yana farawa daga 000, sai 00, sai 0, 1, 2, har sama da 20, kuma lamba na hawa kauri na ƙaruwa. Amma wannan a cikin jerin kamfani ɗaya ne kawai. Lamba 8 ta Winsor & Newton na Ingila ba lallai ta yi daidai da 8 ta Raphaël na Faransa ko da Vinci na Jamus ba. Mai faɗin baki sau da yawa da inci ko milimita ake auna shi. Shi kuwa mai tulin gashin nan da ake ɗaure wa wuya da waya, lissafinsa daban ne, lamba 2 ɗinsa ta ninka 2 ta mai tsini nesa ba kusa ba. Wannan ruɗanin shi ne jarin mutumin nan: ya buga lambar da ya ga dama a jikin katako, ya karɓi kuɗin babba ya ba ka ƙarami.

Maganar kolinsky kuma, da na yi tunani tun farko da ban faɗa tarkonsa ba. Gashin jelar wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, a Sabiriya da arewacin Sin take. Da shi ake yin buroshin Series 7 na kamfanin Ingilan nan, wanda aka fara yi wa Sarauniya Biktoriya a 1866. Guda ɗaya babba na asali ya fi abin da na biya na saitin gaba ɗaya. Kwaɗayin araha ne ya rufe min ido, ba sai an faɗa min ba.

Kada tsinin da ke hoto ya ruɗe ku. Sabon buroshi da ƙaro ake sandarar da bakinsa, irin ƙaron nan namu na Yobe da Borno, don haka ko na banza ne zai fito tsaf. Sai an wanke ake gane gaskiya. Na asali in ka jiƙa shi ka yarfa, bakin zai koma tsininsa. Nawa ya baje kamar tsintsiya, gashi na zuba a takarda, ƙarfen wuyan kuma yana girgiɗi.

Kafin ku tura ko sisi, ku ce a ɗora buroshin kan rula a ɗauko bidiyo, a faɗi faɗin gashin da tsawonsa a milimita, a jiƙa shi kuna gani. Da na nemi ya mayar min da kuɗina, toshe lambata ya yi. Yanzu ya canza sunan shafin, amma hotunan su ne dai: buroshi shida a jere kan jan ƙyalle.