Na canza wayoyin sifikuna: abin da kunnena ya ji

Wayar da ke haɗa amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da sifikun falona siririya ce ƙwarai, irin ja da baƙin nan da ake haɗowa da kaya a kwali. Da na kwance ta, bakinta ya yi kore saboda danshin daminar Kaduna, silin ciki ma wasu sun tsintsinke. Na shiga Kasuwar Sheikh Gumi na yanko waya mai kaurin milimita 2.5 ta jan ƙarfe zalla, mita biyar kowane ɓangare. Wani abokina a Barnawa kuma ya ara mini tasa mai tsadar gaske, mai baki ruwan zinare, don in gwada.

Tsakanin tsohuwar da wadda na yanko, bambanci a fili yake. Sifikar hagu ta daina shaƙewa, dukan ganga ya cika ɗaki, muryar mai karatu ta fito tas. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sifika yawanci om 4 ce ko om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wa wutar lantarki hanya), kuma ƙa'idar da masu aikin sauti ke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin 100 na wannan adadi. Siririyar waya mai tsawo, ga tsatsa a baki, tana cinye wani ɓangare na ƙarfin tun kafin ya isa sifika. Mai kauri kuwa a mita biyar turjiyarta ba ta kai ko rabin wannan iyaka ba.

Tsakanin tawa da mai tsadar fa? Na sa ƙanena ya riƙa sauya su ina zaune na ba shi baya, waƙa ɗaya, ƙara ɗaya. Wallahi ban iya rarrabe su ba, shi ma da muka yi musaya bai iya ba. Ruwan zinaren yana da amfani, yana hana bakin yin tsatsa, amma ba ya ƙara wa sauti komai. Wayar HDMI mai kai wa talabijin hoto da sauti ma haka take: in dai tana da lafiya, mai arha da mai tsada hoto da sauti ɗaya suke kawowa, in ta lalace sai dai ka ga yana ɗaukewa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jabu. Akwai waya da yawa a kasuwa wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ana sayar da ita a matsayin ta gaske, alhali wutar da take ɗauka ba ta kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba, ga saurin karyewa wajen ɗauri. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Tudun Wada ya ce mini, "Ɗana, kankare ta da reza a gaban mai shago. In cikin ya yi fari, ajiye masa kayansa." Haka na yi kafin in biya.

Wani gunji da ke fitowa ƙasa-ƙasa daga sifikun kuwa, sabuwar waya ba ta taɓa shi ba. Sai da na raba wayoyin sauti da na wuta da suka cukurkuɗe a bayan talabijin, na kuma jona kayan duka a soket ɗaya, sannan ya ɗauke.